Kashi na 14: Ilimin Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, Me Ya Haɗa Shi da Kakuri?

Yau da ku nake, ƙannena masu shirin cike fom ɗin JAMB. Da yawa in kun ce za ku karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, sai a ce a gida, "Wai kai jakada za ka zama? Wa ka sani a Abuja?" To, ku saurara.

Ku bi ta Kakuri ku dubi masaƙun nan da suka zama kufai. KTL ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002. UNTL ta rufe a 2007. Iyayenmu dubbai a Makera da Nasarawa da nan suke ci da iyali. Me ya kashe su? Eh, akwai rashin wuta, akwai tsadar baƙin mai, akwai fasa-ƙwauri. Amma fa wani ɓangaren labarin ba a Kaduna aka rubuta shi ba.

A 1986 aka kawo tsarin SAP bisa shawarar IMF da Bankin Duniya, naira ta faɗi, kayan gyaran injin suka yi tsada. A 1995 Najeriya ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Sin ta shiga a 2001. A farkon 2005 yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin yadi tsakanin ƙasashe ta ƙare, atamfa mai araha ta cika kasuwa. An sa hannu a can, tukunya ta daina tafasa a nan.

Ko kwanan nan, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Ku tambayi direbobin tirela da 'yan kasuwa yadda suka ji.

Wannan shi ne karatun: ka san wa ke yanke hukunci, a ina, kuma wa zai biya kuɗin sabulu. ABU Zariya na da sashen kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa, ga ta nan kusa.

Gaskiya ɗaya dai: kwali kaɗai ba ya ba da aiki. Ku haɗa da Faransanci, don maƙwabtanmu huɗu duk da shi suke aiki. Ku iya rubutu, ku fahimci tattalin arziki. In lokacin furojet ya zo, ku zauna da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, ku rubuta abin da suka gani tun suna raye.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.