Mashaƙo a Ajinmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



Tun ƙarshen shekarar 2022 da hukumar NCDC ta samu rahoton ɓullar cutar mashaƙo a Kano da Legas, annobar ta fi yi wa Kano ɓarna, ta kuma taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne, irin waɗanda muke kiran sunayensu a rajista kowace safiya. Mu ba likitoci ba ne, alli muka sani. Sai dai yaro yakan wuni a gabanmu, sau da yawa mu muke fara jin muryarsa ta dushe.

Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro, amma abin da ke kisa shi ne dafin da take fitarwa. Dafin yana bin jini ya isa zuciya da jijiyoyi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin su penisilin, yana kashe ƙwayar, amma ba ya karya dafin da ya riga ya fita. Wannan aikin na wani makari ne da ake samu daga jinin doki, wanda Emil von Behring na Jamus da Kitasato na Japan suka aza harsashinsa a 1890, har Behring ya samu kyautar Nobel a 1901.

Makarin yana kama dafin da ke yawo cikin jini ne kawai. Wanda ya riga ya shiga naman zuciya ya kuɓuce masa. Shi ya sa likita ba ya jiran sakamakon gwaji: da zarar ya yi zargi mai ƙarfi, zai ɗauki samfur daga maƙogwaro, ya ba da makarin a ranar. Yaron da aka kai a kwana na biyu da wanda aka kai a kwana na shida ba ɗaya suke ba, ko da allura ɗaya aka yi musu. Akwai wanda wuyansa zai lafa, iyaye su yi murna, bayan mako guda ko biyu zuciya ta gaza.

Ba a sayar da shi a kemis, kuma ba a yin sa a gida, domin jikin wasu yakan ƙi jinin doki, dole ma'aikatan lafiya su tsaya a kan mara lafiya.

Abin da ya rage a hannunmu shi ne gaggawa. Ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, kumburin wuya, da wata fata mai launin toka a can cikin baki: in mun ga haka, mu raba yaron da sauran, mu aika wa iyaye nan take, mu faɗa musu asibiti yau. Mun san wasu za su fara zuwa wurin wanzami, a ce beli ne a cire. Mu roƙe su da girmamawa kada a kankare fatar nan, jini take yi, tana iya toshe numfashi.

Daga nan shugaban makaranta ya sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, a ba shi sunayen abokan zaman yaron domin a duba su, a ba su magani da rigakafi. Wanda ya warke ma yana buƙatar allurar rigakafi, don kamuwa da cutar ba lallai ta ba shi kariya ba. Muna roƙon reshe ya nemo lambar jami'in, a liƙa ta a ofishin kowace makaranta kafin ƙarshen wannan zango.