Tsuntsayen Foge: Jawabin da Na Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kai ni yawo cikin kwalekwale da kyamara a wuya, alhali gemu ya fara furfura. To, ga dalili.

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya shanye garuruwa da gungaye, aka tashi dubban mutane. Ƙauyen mahaifina na cikinsu. Har ya rasu yana ba mu labarin wata tsamiya da ke bakin mashayarsu, amma ko hoto ɗaya ba mu da shi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu kuwa ji kaɗai muka gada. Wannan shi ya sa na ɗauki kyamara.

Nakan tashi daga Warra da an idar da sallar asuba, mu nufi wajen tsibirin Foge. Da yake Warra tana gabashin tafkin, rana takan fito a bayana, haskenta ya sauka kan tsuntsaye, kuma haka ake so. In mun kusa, sai Basarken da ke tuƙa ni ya kashe inji ya kama filafili. Shi ya koya mini cewa zalɓe ba ya tsoron jirgi, motsin mutum yake tsoro. Nakan yi awa guda ban ɗaga hannu ba kafin kirinjijiya ko dinya su saki jiki. Da hunturu akan sami baƙin tsuntsaye daga Turai, sai dai hazo yakan dusashe hoto. Shamuwa kuwa sai damina ta ƙarato. Ƙa'idata ɗaya ce: ba na matsa wa sheƙa, don in uwa ta tashi rana na iya kashe ƙwai.

A 2008 aka sanya Foge cikin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Amma takarda ba ta gadin tsuntsu. A wuraren da na saba samun garken dinya, yanzu sai in tarar da biyu ko uku.

Malaminmu na labarin ƙasa, Allah ya saka maka da alheri. Kai ka hana mu zana taswira ba kwanan wata, har yau kuwa ba na ajiye hoto sai na rubuta rana da wuri.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa: kowannenmu yana da waya mai kyamara a aljihu. In kun je gida, ku ɗauki mashaya, ku ɗauki fadama da tsuntsayenta, ku rubuta rana da wuri, mu tara su a ɗakin karatun makarantarmu. Kada jikokinmu su gaji ji kaɗai kamar yadda muka gada.