Jawabin Taro: In Shari'a ta Haɗa Talaka da Gwamnati



An ce in yi magana bisa neman lauya, wanda muke ce ma aboka. Mu ɗauka an ɗebi gonarka don a fidda hanya. Dokar 1961 ta ce sai an biya diyya kafin a ɗauka. Amma gona marar takarda, da me lauya zai tsaya? Masu zuwa gida bana, ku ga maigari da Kofo, hukumar filaye, a rubuta muku shaidar gonakinku.

Lauyoyi galibi Yamai suke. Suna da ƙungiya, shugabanta shi ne batoniye, can ake duba ko sunan mutum na cikin rajista. Masu rataya jaka a ƙofar gidan shari'a, kada ku ba su ko dala. Ni kaina na ba wani jika ashirin, har yau ban sake ganinshi ba.

Ku tambayi lauyan ko ya taɓa shari'a da gwamnati. A yanke lada a rubuce, har da kuɗin motarshi, ku karɓi rasit. Kada a yi nawa, ƙarar hukuma tana da wa'adi.

Marar hali ya nemi ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011.