Wa Ke Riƙe da Taswirar Maigatari?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

Kwamitin shirye-shirye ya ga dacewar mu ce wani abu a kan shugabancin ayyukan raya gari a ƙasar Gumel.

Duk inda 'yan asalin wannan yanki suka haɗu a birni, ko wurin ɗaurin aure ne ko wurin gaisuwa, da wuya hira ta yi nisa ba a gangaro kan hanya da ruwa da wutar lantarki ba. Tambayar da aka saba yi ita ce wa zai kawo mana aiki, wane ɗan majalisa ko wane kwamishina za a je a gani. Tambayar da muke son ajiyewa a gabanku yau daban take. Idan aikin ya zo, wa ke zaune a kujerar da ake yanke inda za a sa shi, da wanda za a fara yi kafin wani, da wanda zai kula da shi bayan an yanke ƙyalle an watse?

Mu ɗauki garin Maigatari ranar Alhamis. Tun kafin gari ya waye shanu da raƙuma da tumaki ke kwararowa kara daga Nijar da ƙauyukanmu, tireloli kuma na jere suna jiran lodi zuwa Kudu. Wannan taro yana buƙatar ruwan sha na mutum da na dabba, da wurin lodi, da makewayi, da hanyar da babbar mota za ta fice ba tare da ta ratsa tsakiyar gari ba. To amma ku ƙirga masu iko a wannan fili guda. Kwastan da jami'an shige da fice da masu duba lafiyar dabbobi a bakin iyaka na gwamnatin tarayya ne. Kasuwa da tasha da mayanka na ƙaramar hukuma ne. Ruwan famfo yana hannun hukumomin jiha, wuta kuma tun shekarar 2013 tana hannun kamfanin KEDCO. Filin cikin gari, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke riƙe da amanar duk wurin da aka ayyana a matsayin birni, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakarsa ta gargajiya. Ga hakimi da dagatai, waɗanda su ne suka san iyakar gonar kowa. Ga kuma hukumomin Dungas a jihar Damagaram, waɗanda rabin cinikinmu daga wajensu yake fitowa. Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma da sharaɗin kwano ɗaya suka nufa. A nan kowa da littafinsa da kasafinsa da ubangidan da yake kai wa rahoto, kuma babu wanda aikinsa ne ya zaunar da su ya shimfiɗa musu taswira guda.

Sakamakon wannan kowa ya taɓa ganinsa a wani gari. A zuba kwalta bana, baɗi a zo a fasa ta don a binne bututun ruwa. A gina lambatu mai kyau, amma bakinsa ya ƙare a ƙofar gidan wani. A haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da lantarki a unguwar da taransifomarta ta shekara a ƙone. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka an biya kuɗinsa cif, an ɗauki hotonsa, an sa shi a rahoton ƙarshen shekara, jama'a kuwa suna nan da kukansu.

Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara, cikinsu har da kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su, da gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Wanda ido ke kansa a nan shi ne ciyaman, kuma daidai ne, domin shi aka zaɓa. Sai dai ciyaman baƙo ne a ofis, wa'adinsa 'yan shekaru ne, wani lokaci ma kantoma ne da ba ya cika shekara. Bututun ruwa kuwa ana binne shi ne don ya yi shekara talatin. Waɗanda ya kamata su riƙe dogon zaren su ne manyan ma'aikatan da ba a jin sunansu a rediyo: daraktan mulki, da ma'aji, da jami'in tsare-tsare da ƙididdiga, da shugaban sashen ayyuka.

Bari mu ɗan tsaya a kan na ƙarshen nan, domin a ganinmu babu kujerar da aka raina alhali tana da nauyi kamarta. Shugaban sashen ayyuka shi ne zai je ya auna gangaren ƙasa kafin a ce ga inda ruwa zai bi. Shi zai ƙididdige buhunan siminti da rodi da yashi, ya ce aikin nan kuɗinsa kaza ne. Shi zai tsaya a kan ɗan kwangila ya ga an kwaɓa kankare yadda aka rubuta. Bayan haka kuma sa hannunsa ne ke shaida cewa an gama aiki, kafin ma'aji ya fitar da kuɗi. Idan mai wannan kujera ƙwararren injiniya ne mai rajista, mai tsoron zubar da sunansa, to kwalbatin zai ga damina ashirin. Idan kuwa an ajiye shi ne don alfarma, ko kuma ƙwararre ne amma ya san da ya ƙi sa hannu za a tura shi wata ƙaramar hukuma kafin wata ya mutu, to ruwan farko ne zai tafi da kuɗin jama'a. Kada mu manta, waɗannan ma'aikata daga Dutse ake turo su, Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ce ke yi musu canjin wurin aiki. Mutum zai fara gane inda ruwa ke kwanciya tsakanin Galadi da Jajeri ke nan, sai takardar canji ta iso, wanda ya gaje shi ya fara daga farko, sau da yawa ba tare da an bar masa ko taswira ɗaya a aljihun tebur ba.

Dattawan da ke cikinmu sun san zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Wancan tsari yana da nasa aibu, musamman ta fuskar haraji da aikin tilas, kuma ba kiran a koma masa muke yi ba. Amma abu ɗaya da yake da shi shi ne mai kula da ayyuka yakan daɗe a kan kujerarsa har ya san kowace rijiya da kowane burtali da sunansu, kuma ya san a gaban wa zai tsaya idan gada ta karye.

Tarihin wannan yanki ya nuna mana yadda layin da aka ja a takarda a wani ofis mai nisa ke ɗaga gari ko ya kwantar da shi. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Gagarawa ne saboda gyaɗa, kuma garuruwan da ya ratsa sun ci moriyarsa har lokacin da jirgin ya yi rauni. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara jigila, babu mamaki wani kaso na kayan da ke bi ta iyakarmu ya karkata yamma. Haka nan mun ga an rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, lokacin da Maigatari ta shiga cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe tare da Seme da Illela da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. Duk waɗannan sun fi ƙarfin ciyaman da hakimi. Abin da ke hannunmu shi ne a ce duk ranar da fatake suka sami zaɓi, su tarar kasuwarmu ta fi sauƙin shiga da fita, da ruwa da tsafta da wurin kwana.

Yankin ciniki maras haraji da aka kafa a Maigatari zamanin gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki shi ne babban darasinmu. Tunani ne mai kyau, kuma wurin ya dace. Amma irin wannan yanki ba ya tashi da katanga da rumbuna kaɗai. Yana son wuta da ba ta yankewa, da hanya mai ɗaukar nauyi, da kwastan da suka fahimci ƙa'idarsa, da banki, da fahimtar juna da maƙwabta na ƙetare, kuma kowanne daga cikinsu yana ƙarƙashin hukuma daban. Shekaru suka shuɗe ba a ga hada-hadar da aka yi fata ba. Duk gwamnatin da za ta farfaɗo da shi, muna ba ta shawara ta fara da naɗa mutum guda mai cikakken iko da zai iya kiran waɗannan hukumomi su amsa.

Ku da ke zaune a Kano ba ku buƙatar dogon bayani. An yi wa birnin tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, amma gari ya girma ya wuce takarda, aka cike kududdufai aka yi gini a kan hanyar ruwa, ga shi duk damina unguwanni na iyo. Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ba su kai nan ba tukuna. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Maigatari kusan mutum 180,000, kuma kowa ya ga yadda gidaje suka ci gonakin bakin gari tun daga lokacin. Yau ware hanya mai faɗi a cikin gona 'yan turaku ne da diyya kaɗan. Nan da shekara goma sha biyar sai an rushe gidajen mutane, da kuka da shari'a. Ambaliyar 2022, wadda ta rusa gidaje masu yawa a faɗin Jigawa, ta tuna mana cewa ƙasar rairayi ma tana da kwarin da ruwa ke nema, kuma ba ya mance hanyarsa. Muna roƙon masu hali da ke aiko da kuɗin sayen fili daga birni su riƙa tambaya ko filin yana cikin awon hukuma kafin a zuba tubali.

Abin da ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma haramta ɗora kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Mutane da yawa sun yi murna, kuma da dalili. Amma kuɗin da ya sauka a ofishin da babu mai tsarawa, rabon goro za a yi da shi. Maigatari na da mazaɓu 11, kowane kansila zai so a ga nasa, sai a wayi gari an yi ƙananan ayyuka goma sha ɗaya, babban aikin da zai amfani kowa, irin hanyar kewaye ta tireloli, an rasa mai ɗaukarsa domin ba ya cikin mazaɓar kowa shi kaɗai.

Saboda haka ga abin da muke ganin ƙungiyarmu za ta iya yi, kuma bai fi ƙarfinta ba. A cikinmu akwai injiniyoyi da safiyoyi da masu tsara birane, wasu suna aiki wasu sun yi ritaya. Su ba da makonni kaɗan na hutunsu, su zauna da sashen ayyuka da dagatai, a fitar da taswira ɗaya da rajista ɗaya ta duk rijiyar burtsatse da taransifoma da kwalbati da burtali da ke ƙaramar hukumar, da halin da kowanne yake ciki. A ajiye kwafi a sakatariya, kwafi a gidan hakimi, kwafi a wajen ƙungiya, ta yadda canjin ma'aikaci ba zai tafi da ilimin ba. Sa'an nan mu nemi ciyaman ya riƙa kiran zama duk bayan wata uku, da wakilan ruwa da wuta da hanyoyi da kwastan da shugabannin kara da na tasha, kowa ya faɗi abin da zai taɓa a ƙasa kafin ya taɓa. Da yake burtali da ruwan sama ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba, ya kyautu ko sau ɗaya a shekara ƙananan hukumomin nan huɗu su yi irin wannan zama tare, a inuwar fadar Mai Martaba Sarkin Gumel.

Idan kuma tawagarmu ta je Dutse, kamar yadda takan je neman muƙamai ga 'ya'yanmu, ta ƙara buƙata ɗaya a takardarta: a turo mana ƙwararru a sashen ayyuka da na tsare-tsare, a kuma bar su su yi aƙalla shekara huɗu ko biyar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ƙarfafa hannun duk mai neman ganin takardun hukuma, don haka babu laifi mu nemi kwafin kasafin ayyuka a rubuce. Ana haɗa kasafin kuɗi ne a watannin ƙarshen shekara, saboda haka muna ba da shawara kwamitin ayyuka na ƙungiya ya miƙa takardarsa ga sakatariyar Maigatari kafin ƙarshen watan Satumba, ya kuma karanta mana amsar da ya samu a taron baɗi.