Yaro ba makami ba ne: jawabi a kan ƴaƴan Falasɗinu



Kowa a cikinmu ya san irin zaluncin da Falasɗinawa suka sha tun da Isra'ila ta mamaye Gaza da Yammacin Kogin Jodan a 1967, kuma mun san yawan yaran da harsashin sojanta ya kashe. Amma wanda ke ƙaunar Falasɗinu, wajibi ne ya faɗi wata gaskiya mai ɗaci: a lokacin boren Intifada na biyu, wanda ya ɓarke a watan Satumba na 2000, wasu ƙungiyoyi sun ɗaura wa yara damarar bam.

Ranar 24 ga Maris 2004, a shingen soja na Hawara, kusa da Nablus, aka tsaida Husam Abdo, ɗan shekara 16, da bam a jikinsa. Duniya ta gan shi a talabijin yana kokawar yanke damarar da almakashin da aka tura masa. Shi ya tsira da ransa, ya tafi kurkuku. Amar al-Far, ɗan sansanin gudun hijira na Askar, shi ma mai shekara 16, bai tsira ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2004 ya tada bam a kasuwar Karmel ta Tel Abib, mutum 3 suka mutu. Ƙungiyar PFLP ta ce ita ta aike shi, mahaifiyarsa kuwa ta fito fili ta la'anci waɗanda suka zaɓi ɗanta suka bar manya.

Me ya sa ake neman yaro? Domin ba a cika zarginsa a shinge ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga an rushe gidansu, an wulaƙanta mahaifinsa, ruɗinsa da alkawarin Aljanna ba ya wuya. Babban da ya shirya bam ɗin kuwa yana gida, ya kwana lafiya.

Addini bai ba su hujja ba. A yaƙin Uhudu, Manzon Allah (SAW) ya maida Abdullahi ɗan Umar gida domin shekararsa 14. Dokar duniya ma, tun yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2000, ta hana ƙungiyoyi masu makamai ɗaukar wanda bai cika 18 ba.

Jama'a, kada mu ce abin na nesa ne. Daga 2014 Boko Haram ta riƙa ɗaura wa ƴan mata bam a yankin Tafkin Cadi, mutanen Diffa kuwa sun ɗanɗani wannan masifa. Idan muka yi shiru a kan Nablus don muna goyon bayan masu fafitikar, da wane baki za mu tsine wa wanda ya yi haka a ƙofar gidanmu? Mu goyi bayan haƙƙin Falasɗinawa da ƙarfinmu, mu kuma ƙi duk wanda ya aika ɗan wani ya mutu.

Allah ya kare mana zuri'a. Wassalamu alaikum.