Yamai: Bariki Ya Zo, Jirgi Bai Zo Ba

Ku kasa kunne.

Da Faransawa suka kafa barikin soja a Yamai a 1902, 'yan ƙauyuka ne a bakin kogin Isa. A 1911 suka kai gidan gwamna Damagaram, a 1926 suka komo da shi. Ba su shawarci kowa ba.

To, ina jirgin ƙasa? Na Abijan, da suka laƙa wa sunan Nijar, ya tsaya Wagadugu a 1954. Na Kwatano ya tsaya Faraku. Kano kuwa, tun 1911 dogo ya isa can.

Mun biya lanho, mun yi aikin dole har 1946, 'ya'yanmu suka yi musu soja. Amma gujiyarmu sai kamiyo ya kai ta Faraku, a zare kuɗin mota daga guminmu, gishiri da atamfa su iso da tsada.

Dogon Yamai zuwa Doso na 2016 ma bai kai Faraku ba. Ku faɗa ran kasuwa: baƙo bai yi ba, aikinmu ne. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.