Idan An Hana Mama Biza: Jawabi Ga Iyalan Ikilisiyoyinmu Na Jega, Aliero Da Maiyama

 

Maganar da aka ba mu yau ita ce ta hana biza. Shekara 20 da suka wuce, da an ce wannan damuwar mutanen Legas ce. Yanzu kuwa ta shigo gidajenmu. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, amma Ubangiji ya buɗe wa 'ya'yanmu hanya, wasu suna aikin jinya a Ingila, wasu suna karatu a Amurka ko Jamus. In 'ya ta haihu, kowa ya san abin da ya kamata: uwa ta je ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta riƙe jariri. Sai a yi fasfo a Birnin Kebbi, a bi doguwar hanyar nan ta Koko, Yawuri da Kontagora zuwa Abuja, a ɗauki hoton yatsu, a dawo ana jira. Amsa ta zo, an hana.

Kuɗin da ya tafi yana da zafi, amma abin da ke biyo baya ya fi shi. An riga an sanar a sujada, an yi wa Mama addu'ar tafiya, ta sayi daddawa da kuka za ta kai. Yanzu tana jin kunyar shiga majami'a. Wani ya ce suruki ne bai aiko da takardar kirki ba. Wata ta ce akwai hannun maƙiya. Mun ga gidajen da aka daina gaisuwa a kan wannan, alhali ba wanda ya zauna ya karanta takardar hanin daga farko har ƙarshe.

Mu mutanen Kebbi mun taso ƙetare iyaka ba wani abu ba ne a wurinmu. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 mutum kan bi ta Kamba ya shiga Gaya ya gaida dangi ba biza, in ba lokacin da aka rufe iyaka ba, kamar a 2019 da 2023. Shi ya sa idan aka ce uwa ba za ta ga jikanta ba, sai mu ɗauka cin mutunci ne. Amma jami'in da ya hana bai san Mama ba. Bai san ta shekara 30 tana Zumuntar Mata ba, bai san ba ta iya kwana uku ba tare da ta ga awakinta ba. Tambaya ɗaya ce a gabansa: in ta shiga, za ta dawo?

A Amurka an rubuta wannan cikin dokar shige da fice ta 1952, sashe na 214(b). Dokar ta ɗauki duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, sai in ya gamsar da jami'i cewa akwai abin da zai komo da shi gida. Hirar 'yan mintoci ce. In an hana ƙarƙashin wannan sashe babu ɗaukaka ƙara, kuɗin nema kuma, wanda ya koma dala 185 a watan Yuni 2023, ba a mayarwa. Takardar gayyata da muke ɗauka kamar ita ce mabuɗi, hukumarsu ta faɗa a fili cewa ba ta cikin abin da ake yanke hukunci da shi. Daga baya ƙofar ta ƙara tsukewa. A Yuli 2025 aka rage yawancin bizar 'yan Nijeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata 3, a Disamba 2025 kuma aka sanar da dakatar da bizar ziyara da ta karatu ga 'yan Nijeriya daga 1 ga Janairu 2026, sai ga 'yan kaɗan da aka keɓe. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, saboda haka kada a biya ko kwabo sai ɗanku ya duba shafin ofishin jakadancin a intanet a makon da za a biya.

Ƙasashen Turai masu biza ɗaya, irin su Jamus da Faransa, sukan ba da takarda mai nuna dalilin hani, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da aka rubuta a jikinta. Kada a bari ranar ta wuce takardar tana cikin akwati.

Ingila ce za mu daɗe a kanta, domin can yawancin namu suke nema. Su galibi ba sa hira, takardu suke dubawa. Kuɗin bizar wata 6 ya koma fam 127 a Afrilu 2025. Tun 2013 aka soke damar ɗaukaka ƙara ga mai bizar ziyarar dangi, don haka hanyar da ta rage wa yawancinmu ita ce sake nema. Abu ɗaya mai amfani shi ne, sukan rubuta dalilansu dalla-dalla. Idan kun karanta, sau da yawa za ku ga maganar kuɗi ce.

Ku dubi yadda muke rayuwa. Manomin albasa a Aliero yana iya fin ma'aikacin gwamnati samu, amma kuɗinsa sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara, wani ma ba ya shiga banki, sai ya zama sa ko buhunan gero. Gwauruwar da ke sayar da hatsi a kasuwar Jega, dukiyarta tana cikin adashi, da awaki, da gonar gado wadda ba ta da takarda. A wurinmu mai rufin asiri ce. A takardar banki kuwa kamar ba ta da komai. To sai ɗa ya ji tsoro, ya tura mata miliyoyi ana saura mako ɗaya a buga takardar. Jami'i ya ga asusun da ya yi wata biyar ana juya dubu 20, rana ɗaya ya cika. Ba ya cewa ta yi arziki. Cewa yake an ara mata ne don a rufe masa ido, kuma daga nan ya daina yarda da sauran takardun.

Alhali dokarsu ta yarda ɗa ko 'ya su ɗauki nauyin tafiyar. Sai a faɗa haka kai tsaye: 'yarta ce za ta biya jirgi da ci da masauki, ga takardar albashinta, ga ta bankinta, ga ta gidan da take haya. Mama kuma ta nuna ɗan asusunta yadda yake. A rubuta gajeriyar wasiƙa a bayyana sana'arta, da lokacin da kuɗi ke shigo mata, da inda kowane babban kuɗi ya fito. A haɗa abin da ke nuna tana da abin komowa: takardar fansho in akwai, shaidar gona ko gida, takardun makarantar jikokin da ke hannunta. Abin da aka rubuta da Hausa a kai wa mai fassara da aka amince da shi.

A duba suna kuma. Da yawa cikin iyayenmu suna da sunan baftisma a wata takarda, sunan gida a wata, shekarar haihuwa a fasfo daban da ta NIN. A gyara wannan kafin a sake nema, ko da zai ci wata biyu.

Game da jego, a faɗi gaskiya, a kuma faɗi ranar dawowa. Ingila ba ta hana kaka ta zo ta taimaka na ɗan lokaci ba, abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ta zama mai reno ta dindindin don iyaye su koma aiki. Mai gona da ta ce za ta yi wata 6 a tsakiyar damina, ta ba jami'i abin tambaya. Wadda ta ce mako 6 kuwa, in an ba ta, ta dawo a mako 6, domin ana duba wannan ran da za ta sake nema.

Yanzu ga dillalan biza. Da zarar an hana mutum, sai wani ya ɓullo ya ce yana da hanya. Hanyarsa ita ce takardar banki ta jabu, ko takardar aikin da Mama ba ta taɓa yi ba, ko kuma inda fam ya tambaya ko an taɓa hana ki, ya sa a'a. Hoton yatsunta yana wurinsu, za su gani. Hani na farko ba ya rufe ƙofa, ƙarya ce ke rufewa: a Ingila tana iya jawo haramcin shekara 10, a Amurka na har abada. Kuma sunan Mama ne a kan fam ɗin, ba na dillali ba. Duk wanda ya cika muku fam, ya karanta muku shi layi-layi da Hausa kafin a tura.

Fastocinmu, ku gafarce mu, wannan ta shafe ku. Za a zo a roƙe ku ku rubuta cewa wance shugabar mata ce alhali ba ita ba ce, ko cewa taron ikilisiya za ta alhali jego za ta. Ƙin yi yana da wuya, domin mu kaɗan ne, kowa ya san kowa. Amma hatimin ikilisiya ba na mutum ɗaya ba ne. Ku rubuta abin da kuka sani: shekarunta a cikinmu, hidimar da take yi, da wanda ke dogara da ita.

Kafin a sake nema, akwai mai jego can da ba ta da kowa, cikin sanyi, wataƙila mijinta yana aikin dare. Fasto ya nemi lambar ikilisiyar da take zuwa, ya roƙi a samo mata dattijuwa ɗaya ko biyu masu leƙa ta. Matasa su taimaki Mama da kiran bidiyo, ta ga wankan jariri, ta yi gyara, ta yi faɗanta yadda ta saba. 'Yan Zumuntar Mata su je gaishe ta a gida, kada su jira sai ta fito, kuma ranar Lahadi kada a tare ta da tambayar yaushe tafiya.

Bayan an tashi, za mu zauna a bayan majami'a tare da 'yan'uwa biyu masu jin Turanci sosai. Duk mai takardar hani ya kawo ta, da fasfo, da katin NIN, da kwafin fam ɗin da aka tura in yana da shi. Za mu karanta tare, mutum ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban jama'a ba.